Man CBD: kurakuran da mutanenmu ke yi a kai da yadda za a gyara

Jama'a maganar man nan da ake kira CBD ta fara yawa a Sakkwato, ka buɗe WhatsApp ko TikTok ka ga 'yar kwalba mai bututun ɗigawa an rubuta wai maganin ciwon gwiwa da rashin barci da suga da hawan jini da farfaɗiya har da kansa, wasu su ce daga Legas anka kawo, wasu su ce ɗan uwansu ya aiko daga Ingila. Abin da ke damuna shi ne masu saye da masu sayarwa duka, mafi yawansu ba su san mi ke cikin kwalbar ba, kuma ba su san inda dokar Najeriya ta tsaya a kai ba.

Kuskuren farko kashi biyu ne. Akwai masu cewa ai wiwi ce kawai anka sauya ma suna, akwai kuma masu rantsuwa cewa ba ruwanshi da wiwi. Duka biyun ba su faɗi daidai ba. Kanabidiyol, wanda ake taƙaitawa CBD, daga jikin tabar wiwi ake tatso shi, ɗaya ne cikin sinadarai sama da 100 irin nashi da ke cikin itacen. Wanda ke sa maye shi ne THC, shi kuma CBD ba ya bugarwa. Wani masani a Amurka Roger Adams ne ya fara ware shi a 1940, sai a 1963 Raphael Mechoulam a Isra'ila ya gano ainihin tsarinshi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a rahotonta na 2018 ta ce tsantsar CBD ba ta nuna alamar kama mutum ya zama ba ya iya rabuwa da ita. Amma ku lura tsantsa anka ce, wadda anka tace anka gwada, ba duk abin da anka ɗura cikin kwalba ba.

Sai kuskuren da ka iya kai mutum gidan yari, wato cewa ai duniya ta halatta shi. Wace duniya? Kowace ƙasa da nata tsari. Amurka a dokar noma ta 2018 ta ware nau'in wiwin da THC ɗinshi bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba ta ce wanga ba ƙwaya ba ne, amma ko can ɗin hukumar abinci da magunguna tasu FDA ba ta yarda a zuba CBD cikin abinci ko a tallata shi a matsayin magani ba tare da amincewarta ba. Ingila ana sayarwa a shago, sai dai a 2023 hukumar abincinsu ta sauke shawarar abin da babba mai lafiya zai sha a yini daga miligiram 70 zuwa 10 kacal. Afirka ta Kudu ta yarda da ɗan kaɗan, miligiram 20 a yini. Ghana ta yi dokar noman mai ƙarancin THC da lasisi. Mu nan Najeriya babu ko ɗaya cikin waɗannan. Dokar wiwi ta 1966 ta haɗa itacen da duk wani sashe nashi da ƙaron da ake cirowa da duk haɗin da anka yi da ƙaron, babu inda ta ce in THC bai kai kaza ba an yafe. Ga kuma dokar NDLEA, hukumar da anka kafa a 1989, wadda ta tanadi shekara 15 zuwa 25 ga wanda anka kama da ƙwaya ba da izini ba, shigowa da ita ko fita da ita ko fatauci kuwa har ɗaurin rai da rai, kuma kotuna na sa wiwi cikin wanga lissafi. Gaskiya ne alƙalai kan yanke ƙasa da haka a wasu shari'u, to amma wa ke son ya gwada da kanshi?

Masu kafa hujja da Majalisar Ɗinkin Duniya su ma rabin labari sunka ji. A Disambar 2020 an kaɗa ƙuri'a a hukumar kula da ƙwayoyi ta Majalisar a Biyana, babban birnin Ostiriya, ƙasashe 27 sunka rinjayi 25 anka cire wiwi daga rukunin ƙwayoyi mafi haɗari na yarjejeniyar 1961, amma tana nan cikin rukunin da ake sa ma ido sosai, kuma Najeriya na cikin waɗanda sunka ce a'a. A zaman nan dai an kawo shawarar a fitar da haɗin CBD mai ƙarancin THC daga takunkumi gaba ɗaya, ƙasashe sunka ƙi. Nan gida marigayi gwamnan Ondo Rotimi Akeredolu ya yi ta fafutukar a bari a noma wiwi don magani da fitarwa waje, an kai ƙudurori majalisar wakilai, ba su zama doka ba, shugaban NDLEA Buba Marwa kuma ya sha faɗin ba su goyon bayan a halatta shan wiwi a ƙasar nan. Don haka gyaran a nan mai sauƙi ne, kada ka saya kada ka aje kada ka sayar, kuma matasanmu masu neman 'yan kuɗi ta hanyar ɗora tallan kayan wasu a waya, ku sani in anka zo kamu lambar wayarku ce a jikin tallan ba ta mai kayan da ke Legas ba.

Matafiya ma su ji da kyau, musamman masu zuwa Umara da Hajji. Wani zai ba ka 'yar kwalba ya ce don Allah Alhaji kai ma wane, maganin ƙafa ne. Kada ka karɓa sai ka san mi ne ne. Saudiyya ba ta wasa da duk abin da ya fito daga wiwi, safarar ƙwaya can hukuncinta na kaiwa ga kisa. Dubai a 2021 an yanke ma wani ɗan Ingila mai koyar da ƙwallo shekara 25 kan 'yan kwalaben man CBD da anka samu a motarshi, daga baya anka rage zuwa 10. Hong Kong ta hana shi kwata-kwata tun Fabrairun 2023, 'yan kasuwarmu masu bi ta can su kiyaye. Ko Illela zuwa Ƙonni za ka tsallaka, iyakar ƙasa ce, abin da ke jakarka shigo da kaya ne ko fita da kaya a idon doka.

Yanzu ga wanda ya fi ci min rai, maganar farfaɗiya. Iyayen yaro mai farfaɗiya mutane ne da sunka gaji, sun je asibiti sun je wajen mai magani sun yi rubutu sun yi hayaƙi, kuɗi sun ƙare, ga tsangwamar mutane masu gudun yaron wai ana ɗauka alhali ba a ɗauka, to in wani ya zo ya ce ga man da Turawa ke warkar da ita da shi dole zuciya ta karkata. Kuma akwai gaskiya ciki, shi ya sa abin ke da haɗari. A Yunin 2018 FDA ta amince da wani magani mai suna Epidiolex, tsantsar CBD ce, don wasu nau'o'in farfaɗiya biyu masu tsanani da ke kama yara tun suna ƙanana, Dravet da Lennox-Gastaut, a 2020 anka ƙara na uku. Nau'o'i ne da ba a cika samu ba, ba su ne farfaɗiyar da mafi yawan yaranmu ke fama da ita ba. A gwajin da anka yi ma yara da matasa 120 masu Dravet anka buga a 2017, waɗanda sunka sha maganin faɗuwarsu ta ragu daga kusan sau 12 a wata zuwa kusan 6, waɗanda ta ɗauke musu ɗungurungum kashi 5 ne cikin 100. Rage wahala ce babba wallahi ga mai wanga hali, amma ba warkewa ba ce, kuma duk yaran suna kan magungunansu na da, ƙari anka yi musu ba musanya ba.

Ku dubi yawan ma. Ana auna shi da nauyin yaro ne, miligiram 10 zuwa 20 ga kowane kilo a yini, ke nan yaro mai kilo 20 shina buƙatar 200 zuwa 400 kullum, likita na bibiya ana gwada hanta. Kwalbar da ake tallatawa a waya sau da yawa miligiram 500 ko 1000 ake rubutawa a jikinta gaba ɗayanta, in ma gaskiya anka rubuta kwana nawa za ta yi? Ɗigo biyu ƙarƙashin harshe da mai talla ke faɗi bai kama ƙafar abin da anka gwada ba.

Don haka Hajiya, Malam, don girman Allah kada ku tsayar ma yaro da Tegretol ko Epilim ko fenobabiton saboda an kawo muku mai. Yanke maganin farfaɗiya farat ɗaya na iya jawo jijjigar da ba ta tsayawa, wadda ke taɓa ƙwaƙwalwa ko ta yi kisa. In maganin bai aiki ko shina sa yaro yawan barci ko ya yi muku tsada, ku koma ga likita ku faɗa mishi haka ƙarara, akwai canjin magani akwai gyaran awo, ga asibitin koyarwa na Ɗanfodiyo ga asibitin ƙwaƙwalwa na Kware duk kusa da mu. Jijjiga in ta wuce minti 5 asibiti ake nufa nan take, a kwantar da shi ta gefe, kada a tura mishi cokali ko yatsa a baki.

Sauran cututtukan da ake lissafowa kuwa, ciwon jiki da damuwa da rashin barci ana kan bincike, sakamakon wani ya nuna ɗan amfani wani bai nuna ba. Kansa da suga da hawan jini babu hukumar magunguna da ta amince da CBD a matsayin maganinsu, wanda ya bar allurar insulin ko maganin hawan jininshi don wanga mai ya cuci kanshi.

Akwai kuma masu cewa tunda daga itace yake ba ya illa. Zaƙami ma itace ne, kowa ya san abin da yake yi ma mutum. CBD na sa barci da zawo da rashin cin abinci, kuma shina iya wahalar da hanta, musamman in an haɗa da Epilim. A hanta ake sarrafa shi, hanyar da magunguna da dama ke bi, sai ya sa wasu su taru a jini fiye da ƙima, misali wafarin na tsinka jini, mutum ya fara zubar jini bai san dalili ba. Mai ciki da mai shayarwa an ce su nisance shi. Direbobi da 'yan kabu-kabu su tuna maganar barcin nan.

Na ƙarshe shi ne yarda da rubutun jikin kwalba. A 2017 masu bincike a Amurka sun sayi kayan CBD 84 ta intanet sunka gwada, kashi 31 cikin 100 ne kawai abin da ke ciki ya yi daidai da abin da anka rubuta, 18 daga ciki kuma an samu THC. A jihar Yuta ta Amurka mutum 52 sunka kamu da rashin lafiya tsakanin 2017 da 2018 bayan sun yi amfani da abin da anka sayar musu da sunan CBD, da anka gwada sai ga sinadarin wiwin roba, dangin abin da yaranmu ke kira kolos. Wanga fa a ƙasar da ke da ɗakunan gwaji ko'ina, to ina ga kwalbar da ta biyo mota daga kudu ta kwana cikin zafin Afrilun Sakkwato, zafi da hasken rana kuma na lalata sinadarin. Wani lokaci ma man 'ya'yan itacen ne kawai ake sayar muku da tsada, shi kuma kusan babu CBD cikinshi. Ko ka ga lambar NAFDAC a jiki kada ka tsaya nan, ana buga ta jabu, a bincika ta wajen hukumar. Kuma ɗan THC ɗin da ke ɓoye ciki ya isa ya fito a gwajin fitsari, saurayi mai neman aikin soja ko ɗan sanda ya rasa damarshi shina rantsuwa bai taɓa shan wiwi ba, kuma gaskiya yake faɗi. Masu tambayar malamai hukuncinshi a addini su ma su kai musu cikakken bayani, har da cewa babu tabbacin abin da ke cikin kwalbar, kada a ce ma malam man itace ne kawai a karɓo fatawa.

Wanda ya riga ya fara sha ya dakata, ya je ya faɗa ma likita ko mai ilimin haɗa magunguna sunan abin da yawan da yake sha da sauran magungunan da yake kai, in ya daɗe shina sha a duba mishi hanta. In kuma wani ya sha kunka ga ya rikice, zuciya na bugawa da sauri ko amai ko ganin abin da babu ko idanu sun yi ɗorawa, a kai shi asibiti ba tare da jira ba, a ɗauki hoton kwalbar gaba da baya a nuna ma likitan.