Yadda na gyara kukan safe kafin shiga aji ɗaya

Kukan da yaro ke yi da safe sau da yawa rashin barci ne. Nawa, ɗan shekara 6, ya saba a lokacin hutu sai ƙarfe 11 na dare yake kwanciya. Yaro a wannan shekarun yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12, to idan an tashe shi ƙarfe 6, dole ya yi rigima, ya ture kofin koko.

Saura mako biyu a buɗe makarantu a nan Gombe, na fara rage minti 15 kowane dare. Cikin kwana 10 ya dawo ƙarfe 8 da rabi. Kada a rage gaba ɗaya, juyi kawai zai yi ta yi a kan katifa. Na hana barci bayan La'asar, waya kuma tun Magariba ake ajiye ta. Tuwo da wuri, wanka bayan Isha'i.

Abin da iyaye suka fi mantawa shi ne bayan gida. Kunya kan sa yaro ya jiƙa wando a aji. Na koya masa riƙe buta da kansa, da ɗaga hannu ya ce, "Malama, zan zagaya."