Yadda na lallaɓa targaɗen jijiyar ƙugu

Buhu na sunkuya na ɗauka, na juya da shi ƙafafuna na kafe wuri guda, sai na ji wani abu ya tsire ni a kwankwaso ta dama. Washegari da ƙyar na sa wando.

Hoton ƙashi bai nuna komai ba, don jijiya ba ta fita a irin hoton. Likita ce ta danna ɗan lotsawar nan da ke saman ɗuwawu, na zabura. Ta ce jijiyar da ta ɗaure gindin ƙashin baya da ƙashin ƙugu ce ta yi targaɗe. Gefe ɗaya ciwon yake kamawa, yakan sauka ɗuwawu ko matsematsi, kuma tashi daga zaune, hawa bene da juyi a gado su ne ke tayar da shi.

Kwana 2 zuwa 3 na farko, naɗe ƙanƙara a tawul ka ɗora minti 15 zuwa 20, sau uku ko huɗu a yini. Bayan nan ka koma gashi da ruwan ɗumi. Ibuprofen na rage zafin, amma ban da mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu.

Kuskurena kwanciya. Mako guda na yi a gado wai ina jinya, na tashi bayana ya sandare kamar itace. Kwana ɗaya ko biyu ya isa, sai ka fara ɗan tattaki a fili mai laushi, ko na minti 5 ne. In za ka yi barci, kwanta ta gefe ka sa filo tsakanin gwiwoyi. Wando kuwa a zaune ake sa shi, kada ka tsaya da ƙafa ɗaya.

In an ba ka bel ɗin ƙugu, a kan kwatangwalo ake ɗaura shi, ƙasa da cibiya sosai. Ni a kan tumbi na ɗaura nawa har kwana 4, ina ta zagin bel.

Da zafin ya lafa, kwanta rigingine, tanƙwashe gwiwoyi, ɗaga ɗuwawu sama, ƙirga biyar, sauke a hankali, sau 10. Jini ba ya isa jijiyar da ke ɗaure ƙashi sosai, shi ya sa warkewar kan ci mako 6 har wata 3.

Amma in ƙafa ta yi sanyi ba ƙarfi, ko matsematsi ya mutu ba ka jin taɓi, ko fitsari da bayan gida sun ƙwace maka, ko zazzaɓi ya shigo, ajiye ƙanƙarar ka nufi asibiti a lokacin.