Tsawon gilashin kyamara da abin da ke bayan mutum a hoto

Lambar da ke jikin gilashin kyamara, 24mm ko 50mm ko 200mm, tana nuna faɗin abin da zai kwaso. A babbar kyamara mai sensa (farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara) 36 da 24mm, idan aka auna daga lungu zuwa lungun da ke fuskantarsa a hoto, gilashin 24mm yana kwaso kusurwa mai digiri 84, na 50mm digiri 47, na 200mm kuwa digiri 12 kacal. Amma yadda baya ke matsowa ko ya yi nisa, tazararka da mutum ce ke jawo shi. Gilashi dai shi ke ba ka damar tsayawa kusa ko nesa.

Ga yadda za ka gwada a bakin Matan Fada, ranar gasar kamun kifi ta Argungu. Tsayar da masunci da homarsa, taron jama'a na bayansa da mita 20. Ɗauke shi da 25mm daga mita 2. Sannan ka ja baya zuwa mita 4 ka sa 50mm, mita 8 da 100mm, mita 16 da 200mm. Duk lokacin da ka ninka milimita, ninka tazara. Girman masuncin ba zai canza ba a hotunan huɗu, amma dubi bayansa. A na farko jama'a sun fi shi nisa da kyamara sau 11, don haka suka fito mitsi-mitsi, ga sama da ruwa sun cika hoto. A na ƙarshe nisansu bai wuce ninki biyu da kwata ba, sai kawunansu suka ƙaru kusan sau biyar, suka cunkushe a bayan kafaɗarsa. Idan yawan mutane kake son nunawa, ja baya da dogon gilashi. Idan kogin ne da faɗinsa, matso da gajere.

Fuska ce ta fi shan wahala. Ka matsa da 24mm har rabin mita, hanci zai kumbura, kunnuwa su ja baya, domin hancin ya fi su kusa da kai sosai. Tsaya mita biyu da 85mm, fuska za ta fito yadda ido ya saba ganinta. Masunci ya miƙo giwan ruwa gaban gajeren gilashi kuwa, kifin zai fi gaskiyarsa girma. Kada ka sa mutum a gefen hoto da irin wannan gilashin, kansa zai miƙe ya karkace.

Dogon gilashi yana tona rawar hannu. Da 200mm kada gudun shata (ƙofar da ke buɗewa ta rufe don haske ya shiga) ya gaza 1/200 na daƙiƙa, lokacin da masunta suka ruga ruwa kuma ka kai shi 1/1000. Idan akwai hazo, duk ƙurar da ke tsakaninka da mutum za ta shiga hoton ta dusashe launi, to rage tazara ka koma 85mm. Buɗin f/2.8, wato buɗe ramin hasken gilashi da faɗi, yana narkar da baya sosai, amma mutane uku a jere gaba da baya, ɗaya ne zai fito tas. Rufe zuwa f/8.

A kyamarar da ke da ƙaramar sensa irin wadda ake kira APS-C, ninka lambar da 1.5 a Nikon da Sony, 1.6 a Canon, wato 50mm zai yi aikin 75 ko 80. A waya, 1x yana kusa da 24 zuwa 26mm, saboda haka in za ka ɗauki fuska, danna 2x ko 3x ka ja baya taku uku.