Kafin ku ba 'yan jari bola tostar nan, ku duba ta tukuna

Jama'a yawancin tostar burodin da ake jefawa saman kabad a ce ta mutu wallahi ba mutuwa ta yi ba, abin da ke cikinta bai taka kara ya karya ba, waya ce mai yin ja in wuta ta bi ta, sai makunni, sai abin da ke kashe ta in ta yi zafi. Shi ke nan fa. Kala biyu ne a gidajenmu, akwai mai ramuka da ake zura burodi ta sama ya yi tsalle in ya gasu, akwai kuma mai murfi da ake matse burodi da ƙwai ko sadin a ciki, wadda ita ta fi yawa a wurinmu. Duk gyaransu daga waje ake farawa.

Ku fara da bango. Ku jona wani abu a soket ɗin ku ga yana kawo wuta, in a ekstenshan kuke jona ta to ku cire ku sa a bango kai tsaye, don tosta tana jan wat 700 zuwa sama da 1000, ekstenshan mai araha narkewa yake ta ciki. Ƙaramin janareta ma ba ya ɗaukarta, haka in NEPA ta kawo wuta rabi za ta ɗumama ne kawai burodin ya bushe bai gasu ba. Sai ku juya ta ku karanta takardar ƙasanta. In kun ga 120V to 'yar Amurka ce aka shigo da ita cikin kayan gwanjo, wutarmu kuma 230 ce, ana jona ta take ƙonewa, wannan kam ba a gyara ta a gida.

Daga nan sai filogi. Mai ƙafa uku yana da fiyus a ciki, galibi 13A ne, ku kwance ku canja da irinsa, kuma don Allah kar ku naɗa masa waya ko takardar sigari kamar yadda wasu ke yi, gobara daga nan take tashi. Ku duba wayoyin ko ɗaya ta zame daga kusarta, ruwan ƙasa tana wurin fiyus, shuɗiya a ɗaya gefen, kore da rawaya a doguwar ƙafar. Ku bi igiyar da yatsa har inda ta shiga jikin tostar, a nan ta fi karyewa ta ciki saboda lanƙwasa, in kuna motsa ta wuta na zuwa tana ɗaukewa to kun gano mai laifi, igiyar gaba ɗaya za a canja ba salatif za a naɗa ba.

Yanzu mai ramuka. Ƙorafin da aka fi yi shi ne a danna hannun da ke saukar da burodin ya ƙi tsayawa a ƙasa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, maganaɗisu ne mai aiki da lantarki yake riƙe shi, in babu wuta ba zai taɓa tsayawa ba ko sabuwa ce dal. In kuwa da wuta kuma yana dawowa sama, kusan kullum burbushin burodi ne. Ku zare filogi daga bango, ku bari ta huce, ku jawo farantin ƙasa ku zubar da burbushin, ku kifa ta ku girgiza. In bai yi ba sai a buɗe, kusoshin suna ƙasa wani lokaci a ɓoye ƙarƙashin robobin ƙafa, sai an zare robar hannun da ta maɓallin juyawa sannan gangar jikin ta fita. A ƙasan inda hannun yake sauka za ku ga ɗan dunƙulen waya da aka naɗe, wato maganaɗisun, da ɗan ƙarfe mai faɗi da ke sauka a kansa, in ƙwayar burbushi ɗaya ko maiƙo ko kashin kyankyaso ya shiga tsakaninsu ba za su manne ba. Tsohon buroshin haƙori busasshe ya isa, sai a goge fuskokin biyu da tsumma. Gefen nan kuma akwai 'yan ƙarafa sirara da ke haɗuwa in an danna, in sun yi baƙi a ɗan goga musu sanfefa mai laushi.

Kar ku taɓa zura wuƙa ko cokali mai yatsu ku ciro burodin da ya maƙale alhali tana jone, wayoyin nan tsirara suke, kuma ko an zare ma a yi a hankali don farin allon da aka naɗa su a kai yana saurin farfashewa.

Ita mai murfi in ta ɗauke gaba ɗaya, filogi lafiya igiya lafiya, to yawanci fiyus ɗin zafi ne. Ɗan ƙaramin abu ne kamar harsashi cikin farar riga, manne da bayan farantin, aikinsa ya yanke wuta in zafi ya wuce ƙima. Ku kai shi wurin masu kayan wuta su ba ku mai lamba ɗaya da wadda ke jikinsa, kuma matse shi ake da filaya da ɗan bututun ƙarfe, ba a sa masa dalma don zafin ƙarfen lika kaɗai zai kashe sabon. Wasu masu gyara suna cire shi su haɗe wayar kai tsaye, tostar za ta tashi amma ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan, a kicin da yara ke shiga. Ku kuma duba wayoyin da suka bi ta wurin da murfin ke buɗewa, buɗe-rufe yana cinye su.

In kuna da mitar gwaji irin ta masu gyaran wuta ku sa ta a ma'aunin om (mai alamar Ω) ku taɓa ƙananan ƙafafun filogi biyu, mai ramuka sai an riƙe hannun a danne, lafiyayya tana nuna wajen 50 zuwa 70. In mitar ta nuna babu hanyar da wuta za ta bi bayan duk abin da kuka duba, ko kun ga gefe ɗaya ba ya yin ja, to wayar zafin ce ta tsinke, ita ba ta kama dalma kuma in an ƙulla ta wurin zai sake ƙonewa. Nan sai ku tambayi kuɗin canja ta ku gwada da kuɗin sabuwa. In kuma jikinta yana jan mutum, ku zare ta ku kai wa mai gyara, kar a ƙara jona ta sai ya duba.