Kafin ki ce mun buɗe, ki sa a gwada saye tukun

Salam 'yan uwa, masu shirin fara saida kaya a intanet, ga shawarar da na so a ce wani ya ba ni tun farko. Kafin ranar buɗewa ki tura wa ƙanwarki linkin shagon, ta shiga da wayarta ta yi oda kamar baƙuwa, ta biya har kuɗin ya shigo, ke kuma ki zauna gefe ki yi shiru kina kallo. Wallahi nan asiri ke tonuwa, ni ranar da na gwada sai ga atamfa biyu ba farashi, lambar akawun ɗin da na sa kuma ta tsohon asusuna ce.

Hoto kuwa ki ɗauka da rana kusa da taga, kar ki sa filta, don launin leshi yana canzawa a kyamara, kwastoma ta karɓa ta ce ba shi ta gani ba, sai rigima. Kuɗin kai kaya ki rubuta shi a fili, cikin gari daban, Kaduna ko Abuja daban, ki je tasha ki tambayi direbobi tun yanzu.

In WhatsApp Business kike amfani da shi, katalog ɗinsa, wato wurin jera hotunan kaya da farashi, kyauta ne, ki cika shi. Kuma kar ki saki kaya don an turo miki hoton alat, buɗe manhajar bankinki ki ga kuɗin da idonki. In kina son akawun da sunan shago, sai kin yi rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni.