Yadda Ake Ciyar Da Tsoho Bayan Aikin Karayar Kwatangwalo

Likita zai iya ɗaure ƙashin da ƙarfe ko ya sa wani kan ƙashi na roba da ƙarfe cikin sa'o'i kaɗan, amma tsoka ce za ta ɗaga tsoho daga gado. Tsoka kuwa tana zubewa da sauri idan an kwanta, musamman ga mai shekaru. Wani abin da ba a cika lura da shi ba: tsofaffi da yawa tun kafin su faɗi sun riga sun rame, ramar ma tana cikin abin da ya kayar da su. Don haka ciyarwa wani ɓangare ne na jinyar, tun ranar farko.

Fara da sanin inda aka tsaya. A auna nauyinsa, a kuma tambayi na kusa da shi: wandonsa ya yi masa yawa kwanan nan? Zobe yana zamewa daga yatsa? Idan ba zai iya hawa sikeli ba, a zagaya tef ɗin awo a sha-raɓarsa, wurin da ya fi kauri. Ƙasa da santimita 31 alama ce ta zubewar tsoka. Asibitoci suna da gajeriyar takardar tambayoyi mai suna MNA, makinta 14: daga 8 zuwa 11 yana cikin haɗari, 7 zuwa ƙasa kuwa tamowa ta riga ta kama shi. Nemi a cike ta. Kuma kada ƙiba ta ruɗe ka, mai jiki ma tsokarsa na iya ƙarewa a ƙarƙashin kitse.

Sai lissafi, kuma nan ne aka fi yin sake. Ƙungiyar ESPEN ta Turai, mai tsara ƙa'idojin ciyar da marasa lafiya, ta ba da ma'auni ga tsofaffi: kimanin kalori 30 (ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa) ga kowane kilo na nauyin jiki a rana, da furotin (sinadarin abinci mai gina tsoka) aƙalla giram 1 ga kowane kilo, ya kai 1.2 zuwa 1.5 in ana fama da ciwo. Tsohuwa mai kilo 60 ke nan tana buƙatar furotin giram 72 zuwa 90 a rana. Ƙwai ɗaya yana da furotin giram 6. Kofin madara kusan 8. Dafaffen nama ko kifi mai faɗin tafin hannu ya kan kai 20 zuwa 25. Ka ga shayi da burodi da safe, ɗan abu mai ruwa da rana, ba su kai ko rabi ba, alhali kowa zai ce maka "ai ta ci". Raba furotin ɗin a kowane cin abinci maimakon a tara shi da dare, a haɗa da wake da yogot. Mai ciwon ƙoda dai sai likita ya yanke masa nasa adadin.

Mataki na gaba shi ne gano abin da ke hana cin. Zauna ka kalli cin abinci guda daga farko har ƙarshe. Za ka iya tarar an ajiye tire a inda hannu bai kai ba, ko haƙoran robarsa suna cikin kofi, ko yana kwance a rigingine yana ƙoƙarin haɗiya. A tayar da shi zaune, a yanka naman ƙanana, a ba shi lokaci. Magungunan kashe zafi masu ƙarfi suna kawo tashin zuciya da bushewar ciki, wanda cikinsa ya cushe kuwa ba ya marmarin komai. A gaya wa ma'aikatan jinya. Idan yana ƙwarewa ko tari in ya sha ruwa, a dakata a duba haɗiyarsa, domin abinci na iya bi ta huhu. Ruɗewar da ke zuwa wa tsofaffi bayan aiki ita ma tana sa su manta da cin.

In abinci ya gaza, a ƙara da abin sha mai gina jiki da ake ba majinyata. ESPEN ta ce a ba duk tsohon da aka yi wa wannan aiki, kuma ma'auninta shi ne aƙalla kalori 400 da furotin giram 30 a rana, na wata guda ko fiye. A ba shi tsakanin abinci, kada ya cike gurbin ainihin abincin. Ruwa kuma: mace lita 1.6, namiji lita 2 na abin sha a rana, sai in zuciya ko ƙoda ta sa likita ya rage. Da yawa suna ƙin sha don gudun wahalar zuwa bayi, to a sauƙaƙa musu zuwan.

Furotin ba ya zama tsoka sai da motsi. Ana so a tayar da majinyaci tun washegarin aiki, kuma ya dace a ba shi madara ko ƙwai bayan ya gama atisaye da masu gashin ƙashi.

Kafin sallama, a tambayi likita maganar bitamin D, kalsiyam, ƙarancin jini, da maganin raunin ƙashi, domin wanda ya karye sau ɗaya yana cikin haɗarin na biyu. A gida a ci gaba da auna nauyi mako-mako. Nauyi na sauka, ɗinki ya ƙi warkewa, ko fatar ɗuwawu ko dunduniya ta fara ja, a koma asibiti ba tare da jiran ranar da aka ba shi ba.