Kurakuran da sababbin shiga Mastodon suka fi yi

Bayan Elon Musk ya sayi Twitter a Oktoban 2022, jama'a sun yi ta kwarara zuwa dandalin sada zumunta na Mastodon, amma da yawa sun zo da tunanin gida ɗaya ne mai maigida ɗaya. Mastodon, wanda Eugen Rochko ya fara a 2016, unguwa ce mai dubban gidaje. Kowane gida sabar ce, wato kwamfutar da ke riƙe da asusun mutane da rubuce-rubucensu, da mai kula da ita, kuma suna isar wa juna saƙo ta ƙa'idar ActivityPub, wadda W3C, hukumar tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta amince da ita a Janairun 2018. Shi ya sa adireshin mutum yake kashi biyu kamar na imel: sunansa da sunan sabarsa.

Tuntuɓen farko a bakin ƙofa ake yin sa. Mutum ya buɗe shafin abokinsa a wata sabar, ya sa kalmar sirrinsa, a ce ba a san shi ba. Ai ba gidansa ba ne. Kwafi cikakken adireshin abokin, koma taka sabar, liƙa a wurin bincike, ka bi shi daga can.

Wanda ya fi damuna shi ne zaton cewa abin da ka gani shi ke nan. Sabarka ba ta yawo tana tattara rubuce-rubucen duniya. Abin da aka kawo mata ta sani. Rubutun wani yana iso mata ne idan wani ɗan gidanku yana bin sa, ko wanda ake bi ya yaɗa shi, ko an ambaci ɗan gidan. Don haka a tsofaffin nau'o'in Mastodon za ka ga amsoshi uku a ƙarƙashin magana alhali a sabar asali sun fi haka nesa, kuma kana iya ganin shafin mutum kamar kango don babu wanda ya taɓa bin sa daga wurinku. Abin ya fi tsanani a ƙaramar sabar. Kafin ka yanke wa mutum hukunci, buɗe shafinsa na asali. In wani rubutu kake so ka amsa, liƙa mahaɗinsa a wurin bincike, sabarka za ta je ta ɗauko.

Sai saƙon da ake kira na sirri. Ba a kulle shi daga mai aikawa zuwa mai karɓa ba, masu kula da sabobin biyu za su iya karantawa, kuma duk wanda ka ambaci adireshinsa a ciki zai samu. Kada ka sa lambar asusun banki a nan. Gogewa ma roƙo ne sabarka ke aika wa sauran, wata ba za ta samu ba, wata ba za ta bi ba.

Wajen ƙaura ana yawan juya tsari. Sai ka fara buɗe sabon asusu, ka sa sunan tsohon a matsayin laƙabinsa, sannan ka ba da umarnin ƙaura daga tsohon. Mabiya za su biyo ka, tsofaffin rubuce-rubuce ba za su biyo ba, kuma jerin waɗanda kake bi kai za ka sauke ka loda. Yi wannan tun tsohuwar sabar tana da rai, domin in ta mutu babu mai sanar da mabiyanka inda ka koma.